Littattafan D&D masu fitowa ƙarshen 2025: sabon kaya ne ko tsohon da aka sake wa riga?
(Muhawarar da aka yi kafin Nuwambar 2025 a kan Dungeons & Dragons, wasan tebur na ba da labari da jefa dayis.)

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya maganar nan take cina, sai yau bayan isha'i na samu zama. Na duba jerin abin da zai zo a Heroes of Faerûn, littafin da Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, za su fitar ranar 11 ga Nuwambar 2025. Rassan aji 8 ne a ciki (aji shi ne nau'in jarumin da kake wasa da shi, kamar Wizard ko Fighter, reshe kuma fannin da ya ƙware a cikin ajin). Biyar sababbi ne, ba ni da ta cewa a kansu. Ukun da suka rage kuwa tsofaffin sani ne. Bladesinger na ajin Wizard ya fara fitowa a 2015 cikin Sword Coast Adventurer's Guide, aka sake buga shi a Tasha's Cauldron of Everything a 2020, ga shi zai dawo karo na uku. Banneret na ajin Fighter shi ne dai Purple Dragon Knight na wancan littafin na 2015. Sai Knowledge Domain na ajin Cleric, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a cikin Player's Handbook na 2014 yake, littafin da kowa ke farawa da shi. Da sabon Player's Handbook ya fito a Satumbar 2024 sai muka neme shi muka rasa. Yanzu zai dawo a wani littafi daban mai kusan dala 50.

Ga kuma Eberron: Forge of the Artificer, wanda aka ce Agusta, aka ɗaga zuwa 9 ga Disamba saboda matsalar da aka samu a bangon littafin wajen bugu. Ajin Artificer ya fito a 2019, ya sake fitowa a Tasha's, wannan ne na uku. Rassa 5 zai zo da su, 4 mun san su, Cartographer kaɗai ne baƙo.

Ni a wurina sake bugu iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗauko abu mai rauni a gyara shi, wannan ina maraba da shi. Akwai kuma wanda ake zare abu daga littafin tushe, a ajiye, bayan shekara a kawo maka shi a kasuwa. Wannan na biyun ne ban yarda da shi ba. Ina son jin ta bakinku, musamman masu jan wasa, wato masu jagorantar labarin a tebur.

Sarkin Dayis:
Wa alaikumus salam Malam. Ka riga ni ne kawai. Kuma ba Knowledge kaɗai ba ne. Nature da Tempest ma babu su a na 2024. A ɓangaren Wizard an bar Conjuration, Enchantment, Necromancy da Transmutation a waje. Duk huɗun nan sun bayyana a takardun gwaji na Unearthed Arcana a 2025, kowa ya san inda maganar ta dosa.

Maman Ilham:
Baban Hanifa, ina ganin girmanka amma a nan ba mu tare gaba ɗaya. Mu yi lissafi tukuna. Littafin 2014 rassa 40 ne a cikinsa, amma dubi yadda aka raba su: Wizard 8, Cleric 7, wato aji biyu sun kwashe 15. Barbarian, Bard, Druid, Ranger da Sorcerer kowanne 2 kacal. Ni da nake son Ranger tun farko, zaɓina bai wuce Hunter ko Beast Master ba, kuma duk wanda ya taɓa Beast Master na 2014 ya san wahalarsa: sai ka sadaukar da aikinka na zagaye kafin dabbarka ta kai hari. Na 2024 ya zo da 48, kowane aji cikin 12 ya samu 4 daidai wa daida. Ranger ya samu Gloom Stalker da Fey Wanderer a littafin tushe, Warlock ya samu Celestial, Rogue ya samu Soulknife. An zare 7 daga masu yawa, an ƙara wa marasa shi. Littafin ya riga ya kai shafi 384, a ina za a zuba sauran?

Wanda ya shigo wasan yau ya sayi littafi ɗaya, ya fi wanda ya shigo a 2014 samun zaɓi nesa ba kusa ba. Mu tsofaffi ne muke jin an taɓa mu, don mun riga mun mallaki littattafan ƙari irin su Xanathar's da Tasha's.

Baban Hanifa:
Hajiya, lissafinki daidai ne, amma ki ƙarasa shi. A cikin 48 ɗin nan nawa ne sababbi fil? Uku: Path of the World Tree, College of Dance, Circle of the Sea. Guda 12 daga Xanathar's da Tasha's aka kwaso su, sauran 33 na 2014 ne da aka yi wa gyara. Ban ce gyaran banza ba ne. Monk na yanzu ya fi na da, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Abin da nake cewa shi ne, tunda an san za a sauya lokacin da Cleric ke ɗaukar reshensa daga mataki na 1 zuwa na 3, me zai hana a fitar da 'yar takarda kyauta mai shafi biyar ko shida ta daidaita bakwai ɗin da aka bari? Sun taɓa yin irin haka. Elemental Evil Player's Companion na 2015 kyauta ne, kuma a nan muka fara samun goliath da aarakocra da genasi.

Maman Ilham:
Ai sun faɗi yadda za a yi. Tsohon reshe yana hawa kan sabon aji, abin da yake bayarwa a mataki na 1 ko na 2 sai ka karɓe shi a na 3. A teburinmu akwai mai Tempest Cleric, haka muke tafiya da shi wata bakwai ke nan, ba mu ga inda ya karye ba.

Ɗan Zazzau:
Bari in ba ku abin da ya faru a gabana, don ni matsalata da sake bugu ba ta kuɗi ba ce, ta tebur ce.

Asabar ce bayan la'asar, muna shida a falon wani abokinmu, an ɗauke wuta, kowa ya haska wayarsa a kan taswira. Ni ke jan wasa. Ɗaya daga cikin yaran, ƙanin mai gidan, yana wasa da Bladesinger a mataki na 5. Sun yi faɗa uku tun safe a cikin labarin, sun yi gajeren hutu sau biyu, suka shiga na huɗu da wani ƙaton dodo mai suna troll a bakin gada. Yaron ya ɗaga dayis ya ce zai kunna Bladesong, baiwar da Bladesinger ke amfani da ita a faɗa. Na ce masa ai naka ya ƙare, sau uku kake da shi a yini. Ya ce a'a Yaya, sau biyu ne kuma yana dawowa duk gajeren hutu. Ya zaro tsohon Sword Coast na yayansa, wanda gefen shafukansa har sun yi baƙi don yawan buɗawa, ya nuna mini da yatsa. Ni kuma na buɗe Tasha's a waya na nuna masa: adadin ƙarin ƙwarewarka (proficiency bonus), kuma sai an yi dogon hutu. A mataki na 5 uku ke nan. Shi yana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya. A nasa littafin zai iya yin shida a wannan yinin, a nawa uku.

Mun kwashe kusan minti ashirin a kai, shayin da aka kawo har ya huce. Abin da ya taɓa ni shi ne fuskar yaron. Ya gina jaruminsa ne a kan wancan lissafin, ya yi wata biyu yana tsara shi. Ƙarshe na bar masa tsohon tsarin har muka gama wannan labarin, da sharaɗin ba zai haɗa da garaɓasar sabon ba, wato sauya hari ɗaya da ƙaramin sihiri a mataki na 6. Ya yarda.

To yanzu ga na uku yana zuwa. Duk mai jan wasa ya shirya, sai ya riƙa tambayar "wanne Bladesinger?" kafin a zauna.

Sarkin Dayis:
Ɗan Zazzau, hukuncin da ka yanke shi ne daidai. Abin da ke ɓata tebur shi ne mai tsince-tsince, ya ɗauki maiƙon tsoho ya haɗa da maiƙon sabo. Haka aka yi ta fama da sihirin Booming Blade da Green-Flame Blade bayan 2020, da aka ce dole makamin ya kai darajar azurfa ɗaya. Wasu suka yi kamar ba su ji ba.

'Yar Jos:
Sannunku. Ku yi haƙuri da ni, sabuwa ce ni. Ta wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 na san wasan, kuma da aka ƙara rassa 12 a Afrilun 2025 na yi wasa da Bladesinger na ji daɗinsa sosai. Yanzu mun haɗa tebur mu huɗu, dukkanmu mata, babu wadda ta taɓa riƙe littafin. Duk wannan bayani ya ɗan ruɗa ni. Me zan saya? In jira na Nuwamba ko in nemi Tasha's?

Bakatsine:
Barka da zuwa ƙanwata. Kada ki sayi komai tukuna. Dokokin tushe na 2024 suna nan kyauta a D&D Beyond, dandalin wasan na intanet, da aji 12 ɗin duka, kowanne da reshe ɗaya. Ku yi zama uku ko huɗu da su, ku ga ko teburin zai ɗore, domin tebura da yawa a zama na biyu suke watsewa. In ya ɗore, ku haɗa kuɗi ku sayi Player's Handbook na 2024 guda ɗaya, ya ishe ku. Maganar Bladesinger kuma, tunda da sabon tsari za ku fara, ki jira na Nuwamba, shi aka ɗinka wa sabon Wizard. Sayen Tasha's yanzu don reshe ɗaya asara ce a gare ki.

Kuma ki lura, abin da kika gani a wasan kwamfuta ba lallai ya zo daidai da na littafi ba. Kamfanin Larian da suka ƙirƙire shi sun sauya abubuwa da dama don su dace da allo.

Baban Hanifa, ga inda nake tare da kai. A da, a D&D Beyond, mutum na iya sayen reshe ɗaya tak a kan dala 1.99 ba sai ya ɗauki littafin duka ba. A 2024 aka rufe wannan ƙofar. Da tana nan, da duk muhawarar nan ba ta taso ba: mai son Knowledge Domain ya biya kuɗin ƙwaya ɗaya ya wuce. Yanzu ko buhu ko babu. Kuma kar a manta Hasbro, uwar kamfanin Wizards of the Coast, ta sayi dandalin ne a 2022 a kan dala miliyan 146.3, ba don ta yi sadaka ba.

'Yar Jos:
Na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Za mu fara da na kyautan.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaishe ku. Ni zan kawo wata fuska da ba a taɓo ba. Ku da kuke da littafi biyar ko shida a kanta, sake bugu a wurinku maimaici ne. Mu nan littafi ɗaya ne ke yawo tsakanin tebur biyu, kuma sai da wani ɗan uwa ya taho da shi a jaka daga waje. A irin wannan hali, littafin da ya tattaro abin da ke warwatse alheri ne babba. Kafin Tasha's, mai son Artificer sai ya nemi littafin Eberron, mai son Circle of Spores ko Order Domain sai na Ravnica, mai son College of Eloquence ko Oath of Glory sai na Theros, mai son Bladesinger sai na Sword Coast. Littafi huɗu ke nan, kuma uku daga cikinsu na duniyoyin da ba ma wasa a cikinsu ne. Tasha's ya zo ya haɗa su wuri guda, ya ƙara sababbi 22 a kai. Wa zai ce wannan cuta ce?

Akwai ma dalilin da ya sa aka fara yin haka. A wasannin Adventurers League na wancan lokaci, wato waɗanda kamfanin ke tsarawa a hukumance, dokar ita ce Player's Handbook da ƙarin littafi ɗaya kawai. Ina jin shi ya sa Xanathar's na 2017 ya sake kawo Swashbuckler da Mastermind da Sun Soul da Storm Sorcery, don mai wasa ya same su tare da sababbin sihirin da ke ciki ba tare da ya karya doka ba.

Baban Hanifa:
Ɗan Maraɗi, wannan magana ta shige ni, kuma na karɓe ta. Tattarawa daban, rarrabawa daban. Tasha's ya tattara, 8 tsofaffi cikin 30. Abin da nake gani yanzu shi ne akasin haka: Knowledge a littafin Faerûn, Artificer a na Eberron, jinsin dhampir a wani ƙaramin littafi mai sunan Astarion na Baldur's Gate 3 da ba za a buga a takarda ba sai a intanet, rassan Wizard huɗu kuma sai wani littafin na gaba. Abin da ya taru a hannunmu cikin shekara goma ana sake watsa shi. Kai da ke jiran mai jaka daga waje, kai wannan zai fi yi wa ciwo. Mu ma nan, da dala sama da naira 1,400 a ƙarshen 2025, littafi ɗaya ya haura dubu 70 kafin a yi maganar kuɗin kawowa.

Injiniya:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni dai na koma Pathfinder, wani wasan tebur irin D&D na kamfanin Paizo, tun rikicin lasisin D&D na Janairun 2023, kuma wannan ciwon kan bai sake samuna ba. Duk dokokin Paizo, kowane aji, kowane sihiri, suna shafin intanet na Archives of Nethys kyauta kuma da izininsu. Littafi kana saye ne don kana so, ba don an kulle maka reshen jaruminka a ciki ba.

Maman Ilham:
Injiniya, ai ku ma an sake muku bugu. Pathfinder na biyu ya fito a 2019, shekara huɗu kacal aka kawo Player Core da GM Core a Nuwambar 2023, Player Core 2 ya biyo a 2024. An cire tsarin nagari da mugu daga takardar jarumi, Magic Missile ya koma Force Barrage, makarantun Wizard duk an sake su. Kuma ajin da ke littafi ɗaya a da, irin su Barbarian da Monk da Sorcerer da Champion, sai da suka jira littafi na biyu.

Injiniya:
Haka ne Hajiya, ban musa ba. Bambancin shi ne da sabon ya fito na karanta shi kyauta, tsohon ma yana nan ga mai so. Ban ce kowa ya bar D&D ba. Su ma bayan an yi musu ca sun saki SRD 5.1, wato takardar dokokin tushe, a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin Creative Commons, a 2025 kuma suka ƙara 5.2. Sai dai reshe ɗaya ne ga kowane aji a ciki.

Sarkin Dayis:
Tunda an zo nan, a tuna Monsters of the Multiverse na 2022. Jinsi 33 aka sake bugawa, kuma da farko ba a sayar da shi shi kaɗai ba, sai cikin akwati mai littafi uku a Janairu, aka jira har Mayu kafin ya fito daban. Daga nan aka daina sayar da Volo's Guide da Tome of Foes a D&D Beyond. Gyaran ciki kuwa wani ya yi kyau, wani sai a hankali. Aarakocra da ke tashi ƙafa 50 an dawo da shi 30, wannan duk mai jan wasa ya yi hamdala. Yuan-ti da guba ba ta kama shi sam an mai da shi mai juriya kawai, shi ma daidai. Amma kobold da aka cire wa Pack Tactics da tsoron hasken rana, ni a ganina an cire masa abin da ya sa shi kobold. Rauninsa shi ne daɗinsa.

Ɗan Zazzau:
Kobold ɗin nan har gobe tsohon nake bari a teburina in mai wasa ya roƙa.

Bakatsine:
Wani abu daban, ku gafarce ni in na kauce. Cikin sababbi biyar ɗin akwai Oath of the Noble Genies na Paladin, wanda aka jingina da ƙasar Calimshan. Ni shi na fi ɗokin gani, kuma shi na fi jin tsoro. Aljanun D&D, wato dao da djinni da efreeti da marid, an raba su ne gida huɗu bisa ƙasa da iska da wuta da ruwa. Wannan rabon nasu ne na wasa, ba shi ne abin da muka tashi muna ji ba. A teburinmu akwai wanda ya ce shi ba zai yi wasa da jarumin da ya yi wa aljani rantsuwa ba ko da a labari ne, kuma na girmama ra'ayinsa. Masu jan wasa su tambayi mutanensu tun kafin littafin ya iso.

Maman Ilham:
Wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci zaren kansa. Mu a wurinmu mun saba sauya irin waɗannan sunaye tun a zaman farko, kowa ya faɗi abin da ba ya so a taɓa.

Baban Hanifa, komawa kan batunka, ga inda zan sauko. Banneret ina goyon bayan dawowarsa ɗari bisa ɗari, domin na 2015 yana cikin rassan Fighter mafi rauni da aka taɓa bugawa. A mataki na 3 abin da yake yi kawai shi ne in ya yi Second Wind, abokai uku su samu lafiya daidai matakinsa, wato maki 3. Wannan gyara yake nema tun shekara goma. Bladesinger ma zan iya kare shi, tunda Faerûn ne gidansa. Knowledge Domain ne ba ni da hujja mai ƙarfi a kai. Na yarda da an ba da shi kyauta da ya fi.

Baban Hanifa:
Na gode Hajiya. Ni ma na janye rabin maganata a kan Banneret. Ga abin da zan yi a teburina, wanda ya ga ya dace ya ɗauka. Labarin da muke ciki da dokokin 2014 muka fara shi, da su za mu ƙarasa, babu wanda zai sauya reshe a tsakiya. In za mu buɗe sabo, kowa zai rubuta a saman takardar jaruminsa sunan littafi da shekarar da ya ɗauko reshensa, kuma in abu ya fito sau biyu, na ƙarshe ne ke aiki sai in duk teburin ya yarda da akasin haka. Heroes of Faerûn kuma ba zan yi odar sa tun kafin ya fito ba. Zan jira waɗanda suka karanta su faɗa mana ko Bladesong ya sake sauyawa.

Ɗan Maraɗi:
Malam, in kun samu naku kafin mu, don Allah a faɗa mana ko Winter Walker, sabon reshen Ranger, ya kai Gloom Stalker. Muna da mai Ranger da ke ta tambaya.

Ɗan Zazzau:
Ni ne zan fara samu in sha Allah, yayana zai dawo tsakiyar Disamba kuma na riga na roƙe shi ya taho da shi. Ranar Asabar zan zauna da yaron nan mai Bladesinger tun kafin a shimfiɗa taswira, mu yanke wanne zai riƙe a labari na gaba.